Me rumman yake yi a tsakiyar littattafai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A fina-finan Koriya na zamanin sarakuna ina yawan ganin wani allo mai ninkewa a bayan maigida, an zana littattafai jibge a kai, sai kuma ga rumman a tsage da kankana an yanke mata kai. Ado ne kawai, ko akwai manufa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Akwai manufa sosai. Allon suna kiransa byeongpung, yawanci fuska shida, takwas ko goma ne, yana tare iska kuma ana kafa shi ranar biki. Mai littattafan kuwa chaekgeori ne. Sarki Jeongjo na daular Joseon, wanda ya yi mulki daga 1776 zuwa 1800, shi ya ɗaukaka shi: a 1791 ya sa aka kafa irinsa a bayan karagarsa, a wurin da aka saba ajiye zanen rana da wata da duwatsu biyar, don fadawansa su gane karatu yake so.

Da salon ya fita daga fada ya shiga gidajen talakawa, sai kayan marmari suka ƙara yawa, kuma ni wannan ɓangaren ya fi burge ni. Ki lura, da gangan mai zane ya tsaga rumman ɗin. So yake ki ga 'ya'yansa cunkus, jajur, domin roƙo ne na zuri'a mai yawa, musamman 'ya'ya maza. Kankana ma haka: ana sare kanta don ƙwayoyin su bayyana, ga kuma yaɗonta mai tafiya ba yankewa, wato gida kada ya ƙare. Inabi ma a wannan sahu yake. Kin ga uba yana son ɗa ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, sai ya sa littafi; yana son jikoki, sai ya ɗora rumman a kansa. Duk a allo ɗaya.

Akwai wani ɗan itace mai laushin gashi a fata, boksunga a bakinsu, shi na tsawon rai ne. Asalinsa tatsuniyar Sin ce, inda wata sarauniyar aljanna take da bishiyar da sai bayan shekara 3,000 take nuna. Shi ya sa ya dace da bikin cikar dattijo shekara 60. Idan ya haɗu da rumman da wani lemon tsami mai yatsu kamar hannu, an cika fata uku: tsawon rai, 'ya'ya, albarka.

In kina son ganin wata shahararriyar kankana a zanen Koriya, nemi zanen da ɓeraye suke ƙwaƙularta, wanda ake dangantawa da Shin Saimdang, wata mai zane da ta rasu a 1551. Hoton wannan matar ne a takardar kuɗinsu ta won 50,000.