Filin Makaɗa: Bas mai muryar StingRay da jika 250

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina kaɗa gitar bas a wata ƙungiya da ke wasa a bukukuwan aure nan Yamai. Muryar Music Man StingRay ce ke burge ni, amma kuɗinta ya haura miliyan guda na sefa, ni kuwa jika 250 na tara. Wace zan saya da za ta yi kusa da ita? Daga mai karatu a unguwar Wadata.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kuɗinka zai isa, muddin ka sayi murya ka bar siffa. Kasuwa cike take da bas masu kamar StingRay a ido, har da kan nan mai makullai uku sama ɗaya ƙasa, amma da ka jona su a ampili sai ka ji wata aba daban.

Tun fitowarta a 1976, abu biyu ne suka ba StingRay muryarta. Na farko mikro, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyi, ɗaya babba mai naɗin waya biyu, wanda aka dasa can baya, kusa da ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kansa, abin da masu goge ke kira jaki. A wurin nan tsirkiya ba ta lilo sosai, shi ya sa sautin ke fita a tsuke da kaifi. Na biyu ƙaramin ampili ne a cikin cikinta, mai aiki da pil na volt 9, da ke ƙara kauri da kaifi. Wurin zaman mikro ya fi komai nauyi. Bas da mikronta ke tsakiya, irin bas ɗin nan Precision ta kamfanin Fender, ko wane maɓalli ka murɗa ba za ta yi wannan muryar ba, don haka kada mai sayarwa ya ce maka ai gyaran ampili ne kawai.

Wadda muke ba ka shawara ita ce Sterling by Music Man Ray4, da ake ƙerawa a Indonesiya da izinin masu asalin. Mikronta na daidai wurin, kuma tana da ampilin ciki. Sabuwa a Turai takan kai yuro 400 ko fiye, wato sama da jika 260 tun kafin kuɗin kawowa da na duwan, saboda haka ta hannu za ka nema. In ka ci karo da tsohuwar Ibanez ATK, ita ma gwada ta. OLP MM2 kuwa siffar da wurin mikron duk daidai ne, sai dai ba ta da ampilin ciki, muryarta ta fi laushi.

Ray4 na da aibi ɗaya da ya kamata ka sani: sautinta na fita da ƙarfi fiye da kima, har ampili ya riƙa ɓarkewa in ka doki tsirkiya. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan gitar), ka sassauke mikron da sukurorinsa har tazarar da ke tsakaninsa da tsirkiyar ta kai milimita 4. In ampilinka na da ramin shiga na bas mai pil, nan za ka jona. In bai isa ba, mai gyaran rediyo ya duba ko mikron na da wayoyi huɗu, ya mayar da haɗinsu daga seri, wato naɗin biyu ɗaya bayan ɗaya, zuwa paralel, wato gefe da gefe, wanda shi ne haɗin StingRay ta asali. Ƙarfin zai ragu, kaifin ya fito.

Ware jika kaɗan don sababbin tsirkiyoyi masu kaushi, masu lambar kauri 45 zuwa 105. Tsohuwar tsirkiya da gumi da ƙura suka cika tana kashe kaifin nan gaba ɗaya, ko a kan StingRay ta miliyan. Kafin ka biya kuma, danne babbar tsirkiya a firet na 1 da na ƙarshe, ka dubi tazarar da ke tsakaninta da firet na 8: kusan milimita 0.3 ake so. In ta yi yawa, a ƙara ɗaure sandar ƙarfen cikin wuyan gitar da rubu'in zagaye. Wadda sandarta ta ƙi motsi, bar ta a wurin mai ita ko da rabin kuɗi ya ce.

Tambaya: Tawa bas ɗin mai pil ce, tun shigowar hunturu take ƙara-ƙara in na murɗa maɓalli, pil kuma ba ya wata guda. Daga mai karatu a Tawa.

Amsa: Ƙanena, ƙarar ƙura ce ta shiga maɓallan. Buɗe murfin baya, fesa maganin wanke kayan lantarki a ƴar kafar kowane maɓalli, ka murɗa shi sau ashirin. Kada ka sa man inji. Pil kuwa igiyar da kake bari a jone ce ke shanye shi, domin shigarta ramin ita ce ke kunna ampilin ciki. Zare ta duk sa'ad da ka ajiye gitar, ka sayi pil alkalin, don mai arha kan yi yoyo a zafin Afrilu ya cinye ƙarafan mazauninsa.