Amsa: Wanne wasan ƙwallon waya ne ke cin kasuwa?

Malam ka tambaya wanne ya fi kasuwa tsakanin eFootball, FC Mobile da Dream League Soccer. Gaskiya yawan masu sauke gem daban, kuɗin da yake kawowa daban. Dukkansu kyauta ake saukewa, ribar tana wajen sayen koin da katin 'yan wasa, kuma nan EA, kamfanin da ya yi FC Mobile, suka fi ƙwarewa, ko bayan rabuwarsu da FIFA a 2023 da suka canza sunan wasan daga FIFA Mobile zuwa FC Mobile mutane ba su gudu ba. Kamfanin Konami ma tun da suka mayar da sunan wasansu na PES zuwa eFootball a 2021 hanyar da suka bi kenan. Ni dai Dream League Soccer (DLS) nake bugawa wallahi, bai da nauyi, ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa, shi ya sa har yanzu yake da jama'a.