Tikitin bizines zai shigar da Hajiya falon hutawa na wani kamfani?

Tambaya: Zan kai mahaifiyata asibiti a Istanbul. Na yanka mata tikitin bizines a EgyptAir daga Kano zuwa Alƙahira, daga nan kuma Turkish Airlines, ni ina kujerun baya. Za mu yi jiran awa bakwai a Alƙahira, ga ta da ciwon baya. Ejan ya ce tikitinta zai buɗe mata kowane falon hutawa, har ni zan bi ta. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Kwantar da hankalinka, muddin zangonta na Turkish ma bizines ne, za ta samu wurin miƙe ƙafa. EgyptAir da Turkish duk 'yan ƙawancen kamfanonin jiragen sama na Star Alliance ne tun 2008, kuma ƙa'idarsu ita ce mai katin shiga jirgi na bizines zuwa wata ƙasa yana da damar shiga falon bizines na kowane ɗan ƙawancen a filin da zai tashi. Kai kam ba za a bar ka ba. Bizines ba ya ɗaukar baƙo, sai mai katin Gold, wato katin da ake ba masu yawan tafiya da jiragen ƙawancen, shi ma mutum ɗaya da suke jirgi ɗaya.

Maganar "kowane falo" ce ke ɓata min rai, don kullum sai na ji ta. A ƙofar falo ba a duba sunan kamfanin da ya sayar maka da tikiti, ba a duba yawan kuɗin da ka biya. Abu biyu ake dubawa: jirgin wa za ka hau yanzu, kuma a wane aji. Kamfanoni suna liƙa lambarsu a jirgin juna, sai ka ga sunan ɗan Star a takarda alhali jirgin na wani ne da ba ya cikin ƙawancen. Emirates da Etihad ba sa cikin kowane ƙawance. Qatar Airways da Royal Air Maroc suna ƙawancen oneworld, Saudia tana na SkyTeam, katin Star ba ya aiki a falonsu. Haka idan zangon farko bizines ne, na biyu kuma kujerun baya, a tsarin Star kujerar da aka sauka daga kanta ba ta shigar da kowa. Wasu ejan sun san haka sarai, amma sai su haɗa zango mai arha a ɓoye, su karɓi la'adarsu. Su suna gida suna barci, dattijuwa tana kan kujerar ƙarfe har asuba. Wannan cin amana ne, kuma ku ji tsoron Allah.

Buɗe tikitin yau, ka karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin zangon Alƙahira zuwa Istanbul, inda aka faɗi kamfanin da zai yi jigilar da kuma ajin. Sannan ka sa a rubuta mata keken guragu aƙalla kwana biyu kafin tafiya, don ma'aikaci ya kai ta falon, ya dawo ya ɗauke ta zuwa ƙofar jirgi.