Kar ka ciro hoton biki daga cikin bidiyo

Ɗana, ka tambaye ni: tunda kyamarar nan tana ɗaukar bidiyo mai kyau, me zai hana ranar ɗaurin auren da za ka je a ƙauyen nan na gaba da Ringim ka sakar mata bidiyo daga farko har ƙarshe, in ka dawo shago ka riƙa tsayarwa kana ciro hotunan da za a wanke? Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka tafi. Amma kar ka yi haka.

Fara da girman hoton. In ka danna maɓallin hoto, Canon 600D ɗin da ke hannunka tana ba ka megafiksal 18, wato ɗigo miliyan 18 ne suke haɗuwa su zama hoton. In ka juya ta bidiyo, kowane hoto da ke ciki ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, wato megafiksal biyu da 'yan kai. A fuskar waya ba mai ganewa. Sai ranar da uban ango ya ce a wanke masa babba ya rataye a zaure, nan za ka ga aikin da ke wuyan babbar rigarsa ya dame, zaren bai fito ɗaya-ɗaya ba. Mutum ya kai kuɗinsa wurin maɗinki don a ga wannan aikin, kai kuma ka shafe masa.

Wannan ma mai sauƙi ne a kan maganar shata, wato tsawon lokacin da kyamara take buɗe ido haske ya shiga a kowane hoto. Bidiyonmu hoto 25 ne a kowace daƙiƙa, kuma shatar da ta dace da shi 1/50 na daƙiƙa ce. A wannan saurin, duk abin da ya motsa yana barin ɗan dishi-dishi a bayansa, kuma da gangan ake son haka, domin shi ke sa ido ya ga motsin yana tafiya sumul. To ka tsayar da bidiyon daidai lokacin da ango yake musabaha da waliyyin amarya: hannayen biyu sun narke cikin juna, bakin wanda ke magana ya karkace. Hoto kuwa yana son a daskarar da motsi. Mutane na kai da komo, ka ba shi 1/250. Dawakai na sukuwa ranar hawan Sallah, sai ka kai 1/1000 kafin ka kama kofato a sama da ƙurar da ya tayar. In kuma ka ɗauki bidiyo da wannan saurin, tafiyar mutane za ta riƙa fizga. Saitin da ya gyara wannan shi ke ɓata wancan. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ka san asalin injin da kake riƙe da shi. Don hoto aka ƙera shi, bidiyo daga baya ya shigo. Sai a 2008 Nikon D90 ta fara kawo shi a irin waɗannan kyamarori, Canon 5D Mark II ta biyo a shekarar. A ciki akwai madubi da ke turo hasken zuwa ramin da kake leƙawa. Da ka shiga bidiyo madubin ya ɗage sama ya tsaya, ramin ya yi duhu, sai allon baya kaɗai, sensa kuma, wato ɓangaren da ke karɓar hasken ya mai da shi hoto, tana ta aiki ba hutu. Daga nan batir ke zuba, daga nan zafi ke taruwa. A ranar bazara ta Jigawa, ka sa ido a allon: alamar ma'aunin zafi za ta fito fara, in ka ci gaba ta koma ja, in ta yi ja kyamarar na gab da tsayar da ɗauka da kanta. Duk lokacin da ba ka ɗauka, kashe ta ka kai ta inuwa. Batir uku za ka tafi da su a cike, kar ka dogara da wurin cajin ƙauye.

Kuma tana da iyakar da take tsayawa ba tare da ta yi maka sallama ba. Taka, da fayil ya cika gigabait 4, wajen minti 11 ke nan a babban saiti, sai ta tsaya. Har waɗanda suka fi ta ma a zamaninta akasarinsu ba sa wuce minti 29 da daƙiƙa 59, saboda a lokacin harajin kwastan na Tarayyar Turai ya fi yawa a kan abin da aka lissafa a matsayin kyamarar bidiyo. Ɗaurin aure gajere ne, ba zai dame ka ba. Amma ranar saukar Alƙur'ani ko wa'azi, kai za ka tsayar da kanka a inda malam ya numfasa, ka sake kunnawa, kafin ita ta yanke yaro a tsakiyar aya.

Fokas na bidiyo da hannu za ka yi, domin taka ba ta bin mutum da kanta in tana ɗauka. Kafin ka danna, ƙara girman fuskar liman a allo, murɗa zoben har gashin gemunsa ya fito, sannan ka fara. Ka ɗora ta a kan ƙafa uku. In za ka juya daga wannan sahu zuwa wancan, a hankali, don in ka fizge ta ginshiƙan masallaci za su lanƙwashe a hoton.

Abu biyu na haske. Shiga menu ka tabbatar tana kan PAL, wato saitin bidiyon da ya dace da wutarmu. Wutarmu a Najeriya bugu 50 take yi a daƙiƙa, ta Amurka 60, kuma kyamarorin gwanjo da yawa da saitin can suke zuwa. In ka bar ta haka, bidiyon dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki zai riƙa ƙyaftawa. Wutar janareta kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya, saboda haka ka gwada kafin taro, ka matsa shatar kaɗan har ƙyaftawar ta lafa. Da rana tsaka kuma 1/50 haske ya yi mata yawa ko a ISO 100, inda sensa ta fi ƙarancin jin haske. Kar ka ce za ka tsuke bakin lensi zuwa f/22, domin a nan ne duk ƙurar hunturun da ta kwanta a kan sensa take fitowa ɗigo-ɗigo a sararin sama, kuma a bidiyo ba ta goguwa da sauƙi kamar a hoto. Ɗaura filta mai duhu ta ND, ko ka nemi inuwar darbejiya.

To ga yadda nake so ka raba ranar. Lokacin da wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, aka ambaci sadaki, aka shafa fatiha, wannan na bidiyo ne, don magana ce ake so a adana, kuma ita dangin da ke nesa za su nemi ji. Jona makirfo na waje ka matsar da shi kusa da su. Na jikin kyamara iska yake kwasowa da motsin yatsunka. Kar ka taɓa maɓallin hoto a wannan lokacin, don bidiyon zai daskare na kusan daƙiƙa ɗaya, wataƙila a kan kalmar da ta fi kowace muhimmanci. Da an shafa, cire filtar, juya zuwa hoto, duba shatarka, sannan ka shiga cikin masu musabaha. A cikin gida wajen mata, ba ka ɗaga kyamara sai uwar biki ta ce bismilla, kuma wadda ta kauda fuska ka ƙyale ta.

Tun kafin ranar ka zauna da mai bikin ka gaya masa gaskiya: mutum ɗaya da kyamara ɗaya ba zai ba shi hoto da bidiyon lokaci guda ba. In yana son duka biyun a wajen fatiha, ya biya kuɗin mutum biyu, in haɗa ka da wani daga shago. Gobe da hantsi ka zo da ita, mu tsaya bakin titi ka ɗauki masu babur a 1/50 da 1/1000, hoto da bidiyo, mu buɗe su a kwamfuta ka gani da idonka.