Amsoshin Tambayoyinku: Sabon allo ko gyaran kicin?

Ina da gidajen sayar da kaza biyar a Kaduna, uku na wasu ne da ke amfani da sunana suna biyana kaso. Sababbin gidajen abinci sun janye mana masu saye. In canza suna da fenti?

Alhaji, kafin ka kira mai fenti, aiki yaron da ba a sani ba ya sayo maka kaza daga kowane reshe. In ɗanɗano ya bambanta, matsalarka tana kicin. Abin da ke ɓata mini rai ke nan da 'yan kasuwarmu: ciniki na ja baya sai a zuba miliyoyi a allo mai walƙiya da sababbin riguna, alhali man suya ya kwana uku a kasko, bayan gida ba ruwa, mai karɓar kuɗi tana ɗaure fuska. Dubi gidan abincin nan na Mr Bigg's. Kamfanin UAC ya buɗe shi a Legas a 1986, ya yi zamaninsa. Chicken Republic ta zo a 2004, KFC a 2009, Domino's a 2012. Sunan Mr Bigg's bai ɓace wa kowa ba, masu saye dai sun samu zaɓi. Ka ɗora wa rassanka ma'auni ɗaya na yaji da girman yanka, ka riƙa kai ziyarar ba-zata, wanda ya ƙi ka karɓe sunanka. Kuma rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta kare tambarinka. Ka yi masa tasa rajistar, kada gobe wani ya kwaikwaya.

In mayar da sunan shagona na Turanci don ya burge matasa?

A'a. Matashi farashi yake dubawa, da ko POS ɗinka na aiki.

Ni bazawara ce, da kuɗin gado na karɓi reshe. Mai sunan ya ce kowa ya sake ado da kuɗinsa. Na kasa barci.

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Kai wa lauya takardar yarjejeniya ya duba wa aka ɗora wa wannan nauyi. Ko ke ce, ku haɗa kai da sauran masu rassa ku nemi a raba kuɗin ko a yi aikin kashi-kashi. Kada ki ci bashi mai ruwa, kada ki taɓa jarin kaya, kuma ki nemi a rubuta miki ranar da za a sake irin wannan buƙata.