Kun Tambaya, Mun Amsa: Ɗumin Wikki, Zafin Zara da Sanyin Randa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ruwan Wikki da ke Yankari ɗumi gare shi dare da rana, har a tsakiyar hunturu. Wasu na cewa akwai dutse mai aman wuta a ƙarƙashinsa. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba sai da wuta ba. Zafin ruwan Wikki yana tsaye ne a kan digiri 31 na ma'aunin Salshiyas duk shekara, bai ma kai zafin jikin mutum ba, wanda yake 37.

Ƙasa tana da jinkiri wajen miƙa zafi. Zafin yini da sanyin dare ba sa ratsa ta fiye da kimanin rabin mita. Bambancin bazara da hunturu yakan kai mita 10 zuwa 15, daga nan ya ɓace, zafin ya daidaita da matsakaicin zafin shekara na wurin. Shi ya sa ruwan rijiya mai zurfi yakan yi wa mutum ɗumi da asubar hunturu, ya yi masa sanyi da azahar a watan Afrilu, alhali ruwan yana nan yadda yake, iskar waje ce ta sauya.

In aka ci gaba da nitsawa sai zafi ya fara hawa, digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, wato digiri 1 a duk mita 35 ko 40. Wani ɓangarensa ragowar zafin da duniya ta taso da shi ne, wani kuma daga sinadarai irin su yuraniyam yake fitowa yayin da suke rushewa a hankali cikin duwatsu. Don haka ruwan sama da ya tsuma cikin dutsen yashi ya sauka mita ɗari biyu ko uku ya isa ya samu ɗumi irin na Wikki. Sharaɗin shi ne ya samu tsaga ya hauro da sauri kuma da yawa, domin in tsattsafowa yake yi zai huce a hanya. Wikki kuwa yana zubar da kusan lita miliyan 21 a kullum zuwa kogin Gaji.

Masu haƙa ne suka fi kowa sanin wannan. A mahaƙar zinariya ta Mponeng a Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita 4, zafin dutse ya kai digiri 60, sai an tura ƙanƙara ƙasa kafin mutum ya iya aiki. Ramin Kola na Rasha ya kai mita 12,262 a 1989, inda aka tarar da digiri 180 maimakon kusan 100 da aka zata, haƙa ya gagara.

Tambaya: Malaminmu ya ce Zara ta fi Uɗaridu zafi, alhali Uɗaridu ce ta fi kusa da rana. Ta yaya? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Malaminki ya yi gaskiya; Zara (Venus) da Uɗaridu (Mercury) duk duniyoyi ne masu zagaya rana kamar tamu. Uɗaridu tana nesa da rana da kilomita miliyan 58, Zara kuwa miliyan 108. Amma Uɗaridu kusan ba ta da iska, abin da ta sha da rana shi take amayarwa da dare: digiri 430 da rana, 180 ƙasa da sifili da dare. Zara tana lulluɓe da iska mai kauri wadda kashi 96 cikin 100 kabondayoksaid ce, iskar nan mai riƙe zafi, nauyinta a doron ƙasa ya ninka namu kusan sau 90. Gajimarenta yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken rana, dalilin ƙyallinta ke nan da magariba ko da asuba. Ɗan hasken da ya samu shiga shi ke ɗumama ƙasa, zafin kuma ya rasa mafita. Sakamakon shi ne kimanin digiri 465, dare da rana kusan ɗaya. Dalma tana narkewa tun a 327. Kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyat da ya sauka can a 1982 minti 127 ya yi kafin ya mutu, kuma wannan ma bajinta ce.

Tambaya: Randata ta daina sanyaya ruwa, musamman da damina. Me ya same ta? Daga wata uwargida a Gusau.

Amsa: Hajiya, randa da gumi take sanyaya ruwa. Ruwa yana tsatsowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. In cokali biyu na shayi, wato mililita 10, suka bushe daga lita ɗaya, suna iya rage zafinta da kusan digiri 6, in ba wani zafin ya shigo daga waje ba. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta ɗaukar ƙari sosai, wannan ba laifin randar ba ne.

Amma in har da rani ma ba ta yi, ƙofofin ne suka toshe da gishirin ruwa, gansakuka ko maiƙo. A zubar da ruwan, a goge ciki da waje da soso mai kaushi ba tare da sabulu ba, a shanya ta bushe sarai. Kada a shafa mata fenti ko siminti, domin ya kashe ta ke nan. A ɗora ta a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, inda iska ke wucewa, ba lungun ɗaki ba, a rufe bakin. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu a Jigawa, har ya samu kyautar Rolex a 2000: ana cusa yashi tsakanin tukwane biyu, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. In yashin ya bushe, tumatir da alayyafon da ke ciki za su koma zafin ɗaki.