Tambaya da Amsa: Ɓeran Masar Ya Ƙi Daina Susa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yarana na kiwon ɓerayen Masar guda uku. Ɗaya ya kama susa har ya ji wa kansa rauni a kafaɗa, gashi na zuba, jiya kuma ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. An ce in shafa masa baƙin mai. Mece ce shawararku? Daga wata uwa a Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada baƙin mai ya taɓa shi, haka kalanzir da fiya-fiya. Dabba ce mai lasar jikinta, duk abin da aka shafa mata cikinta zai ƙare.

Alamun da kika kawo sun fi kama da ƙazuwa. Wani ƙwaro ne da ido ba ya gani ke kawo ta, likitocin dabbobi na kiransa Trixacarus caviae, yana haƙa rami cikin fata yana ƙwai a ciki. Ya fi kama wuya da kafaɗa da baya. Faɗuwar nan kuwa tsananin ƙaiƙayi ne ke jawo ta, shi ya sa ba a yi masa wanka kafin magani ya kama, domin ruwa da cuɗa na iya tayar da ita.

Maganin ƙazuwar ivermectin ne, wanda ake yi wa awaki da tumaki allurarsa, amma wajen awo ake yin ɓarna. Ana ba da miligiram 0.4 ga kowane kilo na nauyin jiki. Kwalba mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 tana da miligiram 10 a kowane mililita, ke nan ɓera mai giram 800 rabonsa mililita 0.03 kacal, ɗigo ɗaya bai cika ba. Sirinjin awaki ba zai iya wannan awon ba. A kai shi asibitin dabbobi a ɗora shi a sikeli, likita ya auna da sirinjin insulin, wato ƙaramin sirinjin masu ciwon suga. Za a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, har sau uku, saboda maganin ba ya kashe ƙwai, sai sun ƙyanƙyashe. Masu tsayawa a allurar farko don susa ta lafa su ne ke cewa magani bai yi ba. A yi wa duka ukun, ko da sauran biyun lafiya lau ake ganinsu, a ƙone shimfiɗar kejin, a wanke shi a shanya a rana.

Ki buɗa gashin bayan kunne da wuya ki duba. In kin ga ƙananan abubuwa masu launin ƙasa-ƙasa suna motsi, ƙwarƙwata ce, ita ma ivermectin ke kashe ta. Ɗan filin da babu gashi a bayan kowane kunne kuwa halitta ce, kada ya tsorata ki.

In kuma zubar gashin zagaye ce mai ɓawo a hanci ko gefen ido, susar ba ta yi tsanani ba, to makero ne, kuma yana kama mutane, musamman yara. Ana shafa man clotrimazole safe da yamma na mako uku zuwa huɗu, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Raunin kafaɗar a goge shi da ruwan gishiri mai ɗumi. Kada a ba shi ampicillin ko amoxicillin ko wani dangin penicillin: suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, zawo ya biyo baya, sau da yawa har mutuwa.

Sai abinci. Jikin ɓeran Masar ba ya ƙera bitamin C, kamar dai na ɗan Adam, kuma rashinsa na sa fata ta yi rauni ƙwari su samu wurin zama. Dusa da busasshiyar ciyawa kaɗai ba su wadatar ba, balle a rani. A ƙara masa yankan tattasai kullum, da ɗan gwaiba sau biyu a mako. Garin katako mai ƙura ma na sa susa, gara a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa mai tsabta, a sauya ta duk bayan kwana uku.